Takaba a Soron Haya

Ranar addu'ar bakwai ɗin Sha'aban, Alhaji Maharazu ya yi magana a zaure, ya kuma ɗaga murya yadda matan da ke cikin gida za su ji. Ya ce marigayi ya daɗe yana haya a gidansa, bai taɓa jin kansa da kowa ba. Ya ce ɗakin da ya bari na matarsa ne har ta fita takaba, ba mai ɗaga ta. Maza suka yi ta sa albarka. Wani tsoho har ya share ido ya ce irin su Alhaji sun yi ƙaranci a Daura.

Ikilima, matar marigayin, ta ji daga ƙuryar ɗaki, ta kuma ji sanyi a ranta. Ba kyauta aka yi mata ba, don Sha'aban ya biya hayar shekara kafin ciwo ya kwantar da shi, amma wadda aka yi wa mutuwa ba ta bin irin wannan diddigi. Abu ɗaya take so, ta gama takabarta a ɗakin da mijinta ya cika. Ba ta haifa masa ɗan da zai yi masa addu'a ba, ba ta da dukiyar da za ta yi masa sadaka. Zaman nan ne kaɗai ya rage a hannunta, kuma tun tana yarinya aka karantar da ita cewa mace a ɗakin da mutuwar miji ta same ta take zama har ta gama.

Ɗakin soro ne na ƙasa, rufin azara, shi kaɗai ya rage a gidan da ba a tashe shi ba. Sashen Alhaji tuni ya koma bulo da kwano. Bayan soron yana kallon titi, titin kuwa an zuba masa kwalta bara, tun daga nan duk mai bango a bakin hanya ya fara ganin shago a jikin bangonsa.

'Yan zaman makoki ba su daɗe da watsewa ba ta ji murya a bayan ɗaki. Alhaji ne da Ɗantsoho magini.

“In aka tashe shi aka yi na bulo, shago biyu zai bayar,” in ji Ɗantsoho. “Yaushe za mu fara?”

“Ka dai bari tukuna. Akwai mai takaba a ciki.”

Ta ɗauki wannan ma a matsayin kirki.

Soron ƙasa yana da haƙƙinsa duk shekara. Kowace bazara Sha'aban yakan kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya jingina tsani, ya ce wa matan gida su shiga ɗaki zai hau, ya toshe tsage, ya gyara bakin indararo. Bazarar bana a kwance ya yi ta. In rana ta take, Ikilima tana iya ganin siririn haske yana sauka daga rufi ya kwanta a kan tabarma.

Da safe Hajiya Lami, matar Alhaji, ta kawo mata koko, sai ta nuna mata.

“Hajiya, ga hadari ya fara haɗowa, ba a yi wa soron nan yaɓe ba bana.”

Hajiya ta ɗaga kai ta duba. “Allah sarki Sha'aban. Da yanzu ya hau yana waƙe-waƙensa. Bari in gaya wa Alhaji.”

Amsa ta dawo cewa yaɓe a gidan nan tun asali na mai haya ne. Ikilima ta ce ta ji, akwai ɗan abin da masu gaisuwa suka bari, a kira Ɗantsoho ta biya shi. Wannan amsar ta ɗan daɗe kafin ta dawo.

“Ya ce ba zai yiwu wani ƙato ya hau soro ba. Daga sama ana ganin tsakar gida fes. Ga ni, ga 'yan mata, ga ki kuma mai takaba.”

“Ai sai mu shiga ɗaki, Hajiya, kamar yadda muka saba.”

“Sha'aban ɗan gida ne, 'yar nan. Wannan kuwa baƙo. Ke ma kin san Alhaji da addini.”

Ta san shi. Shi ne mai tsayawa bayan liman, kuma shi ne ya bar mai gyaran lantarki ya yini a kan kwanon sashensa da azumi. Amma mai takaba ba ta fita, ba ta zuwa wurin mai unguwa, ba ta tsayawa a zaure ta yi gardama. Ruwan da za ta sha 'yan gidan ke karɓo mata wurin mai kurar ruwa. Cefanenta ta hannunsu yake bi. Ƙorafinta ma haka. 

Ruwan farko ya sauka da la'asar, da iska da ƙura. Garin ya ɗauki murna, yara suna tsalle a titi. Ikilima tana tsaye a tsakiyar ɗaki riƙe da kwanon sha, tana neman inda ɗigo ya fi ƙarfi. Wuri uku ne a ranar. Ta sa kwano, ta sa tukunya, ta sa daro, ta ja gado zuwa jikin bango. Ruwan da ke sauka ja ne, da ƙasa a ciki. Wato kowane ɗigo yana tafiya da ɗan rufin.

Ta kira yayanta Jafaru a waya, can garinsu Babban Mutum.

“Yaya, ko za ka zo ka hau mini soron nan? Kai ai muharramina ne, ba zai hana ba.”

“Ikilima, yanzu fa aka yi ruwan shuka. In na bar gona yau, wa zai ciyar da mu baɗi? Ki bari a gama shuka.”

Aka gama shuka, sai noman fari. Aka gama noman fari, sai taki. Jafaru ba mugu ba ne. Talaka ne mai bakuna da yawa, kuma ƙanwa mai ɗaki a birni ba ta kai ciyawar gona gaggawa ba. Duk kiran da ta yi da magana ɗaya yake rufe shi: “Ki taho gida mana, wa ya ɗaure ki?” Dangin Sha'aban kuwa sun zo sau ɗaya, sun tafi da babur ɗinsa a ajiye kafin rabon gado, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi rufi.

Wata safiya ta daure ta tari Alhaji da kanta. Ya fito da buta zai wuce, ta tsaya daga bayan labule.

“Baba Alhaji, ina kwana.”

Ya juya fuskarsa ga bango da sauri, don kada idonsa ya faɗa kan mai takaba. Da bangon ya yi maganar har ƙarshe.

“Lafiya lau. Ya ƙarin haƙuri?”

“Da godiya. Baba, soron nan zai rufto mini.”

“Subhanallahi. Allah ya kiyaye.”

“Ko leda ce a shimfiɗa a kai a danne da bulo. Ga bulo nan an jibge a ƙofar gida.”

“Wannan bulon na aiki ne, an ƙirga shi. Ikilima, na ce ki tashi?”

“A'a.”

“Na ƙara miki haya? Na hana ki ruwa ko banɗaki?”

“A'a, Baba.”

“To alhamdu lillahi. Ruwan sama ba ni na aiko shi ba. Ni abin da na ɗauka a gaban jama'a ina kansa, ɗaki naki ne. Sai dai ki riƙa sassauta murya, akwai maza a zaure, ba ya kyau a ji ki.”

Ya tafi alwala.

Damina ta kankama. Kwanukan gidan suka ƙare ɗigo bai ƙare ba. Bango ya jiƙe har rabi, ya fara zubar da ɓawo. Katifa ta yi wari, ta jingine ta, ta koma tabarma a kusurwa ɗaya da ta rage busasshiya, wurin bai fi ta zauna ta miƙe ƙafa ba. Rigunan Sha'aban da ke cikin akwati suka yi fumfuna, ta fito da su ta shanya a igiya, Hajiya ta ce ta mayar, ganin su yana tayar wa yara da hankali. Ta naɗe Alƙur'aninsa a leda ta rataye a ƙusa. Gara ta fito a jikin azara. Kwaɗi suka gano ɗakin. Tari ya kama ta, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji.

Hajiya Lami ba ta fasa kirki ba. Takan aiko da miyar kuka da zafinta, takan kawo citta da kanumfari saboda tarin. Takan tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga, ta dubi rufin ta girgiza kai.

“Ni da ke ce wallahi da na tafi gida. Rai ai ya fi komai.”

“Saura kaɗan, Hajiya.”

“Kaɗan ɗin ne nake ji miki. Ga marka tafe, ruwa ba dare ba rana.”

“Da za ki ƙara yi masa magana.”

“Ni ma fa aure nake, 'yar nan. Kina so a ce na fi shi sanin gidansa?”

A ƙofar gida an ƙara tifar yashi. Ɗantsoho yakan biyo kowane 'yan kwanaki, ta ji shi yana ƙwanƙwasa bango daga waje, kamar mai duba kankana ko ta nuna.

Ranar wata Juma'a gari ya waye da rana bayan ruwa ya kwana biyu yana zuba. Tsagen tsakiyar rufin ya buɗe har hannu zai shiga. Ikilima ta zauna tana kallonsa, ta yi lissafinta. In aka tafi masallaci titi yakan zama wayam, ba namiji ko ɗaya. Ta sha ganin yadda Sha'aban yake kwaɓa ƙasa. Tsaninsa yana nan jingine a bayan madafa. Hawa soro ba fita ba ce, in ji zuciyarta, soron ai ɗakinta ne.

Da ta ji unguwa ta yi tsit, ta ɗebi ƙasa a gindin bango, ta yayyanka tsohuwar ciyawar akuyar Hajiya ta zuba, ta kwaɓa da ƙafa. Hajiya tana ɗaki tana barcin rana. Ta ɗaure zane, ta ɗora daro a ka, ta kama tsani. Ciwo da zama sun cinye mata ƙarfi, sau biyu tana hutawa kafin ta kai. Kwaɓin ya ci lokaci fiye da yadda ta zata, hawan ma haka.

Abin da ba ta sani ba, don daga ƙasa ba a gani, Sha'aban bai taɓa taka tsakiyar rufin ba. Kan bango yake bi, ya shimfiɗa katako ya miƙa hannu. Kuma da bazara yake hawa, ƙasa a bushe. Ita kai tsaye ta nufi tsagen. Ta durƙusa ta fara cusa ƙasa, har ta fara jin daɗin ganin bakin yana rufewa. Sai ta ji wani ƙara a ƙarƙashinta, marar ƙarfi, kamar an karya kara. Azarar da gara ta cinye ta saki. Ƙafarta ta dama ta nutse har cinya, daro ya gangara ya faɗa titi.

A daidai lokacin aka taso daga masallaci.

Sun taho cikin fararen riguna da ƙamshin turare, darduma a kafaɗa. Ƙarar daro ta sa suka ɗaga kai. Ga matar marigayi Sha'aban a kan soro, kallabi ya zame, taɓo har gwiwar hannu, tana ƙoƙarin zare ƙafa. Wasu suka kau da kai suna salati. Wasu ba su kau ba. Ba wanda ya hau ya taimake ta, don ba ya halatta. Da kanta ta ja jiki zuwa kan bango, ta sauko, ƙafar tana jini.

Kafin magariba labari ya gama unguwa, kuma a yadda ya gama ba a ambaci tsage ba. Mai takaba ce ta hau soro ranar Juma'a tana leƙen maza. Masu sauƙin baki suka ce mutuwar ce ta taɓa mata kai.

Alhaji bai yi faɗa ba. Washegari ya gayyato Malam Zakiyyu, limamin masallacin unguwa, mutum mai karatu da tsoron shiga abin da ba a sa shi ba. Aka shimfiɗa musu darduma a bakin zaure ta ciki, Ikilima tana bayan labule, a bayanta kuma rami ne a rufi wanda ake ganin sama ta cikinsa.

“Malam, tambaya ce,” in ji Alhaji. “Mace tana takaba, ɗaki ya fashe, ana tsoron ya rufta da ita. Ni kuma ina tsoron Allah ya tambaye ni ranta. Ya halatta ta ƙarasa a gidansu?”

Malam ya gyara zama. Ya ce asali ta zauna inda take. Amma in akwai tsoron rushewa, malamai sun yi sauƙi, ta koma inda za ta aminta, ba laifi a kanta.

“Malam,” in ji Ikilima, muryarta a dishe, “in ana iya gyarawa fa? Azara ɗaya ce. Yini guda ya isa.”

Malam ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi carbinsa.

“Wannan kuma tsakaninki da mai gida ne, baiwar Allah. Ni abin da aka tambaye ni shi na amsa.”

“Wane magini zai hau rufin da ya riga ya saki?” in ji Alhaji a hankali. “In ya faɗo, jininsa a wuyan wa? Da ba a taka shi ba, da wataƙila. Amma an taka.”

Aka shafa fatiha.

Wannan karon Jafaru ya samu lokaci, don Alhaji ne ya kira shi da kansa, ya kuma ce shi zai biya mota. Ya iso da hantsi a bayan a-kori-kura, ya shiga ɗakin ya dubi ramin, ya dubi ƙafarta da aka ɗaure da tsumma.

“Kin ga abin da nake gaya miki. Yanzu ga shi kin ja mana magana.”

“Yaya, bai fi 'yan makonni ya rage mini ba. Ga ka ka zo. Ka nemo azara ɗaya.”

“A gidan mutum? Ya ce ragowar hayar ma ta tafi a ɓarnar da kika yi, ni ko musu ban yi ba don kunya. Tashi ki haɗa kaya.”

Kayan ba su da yawa. Katifar ba ta ɗaukuwa, aka bar ta. Ta sauke Alƙur'anin daga ƙusa ta rungume shi a cikin hijabi. Ta tsaya ta dubi wurin da gadon yake a da, inda ta riƙe kan Sha'aban har ya daina numfashi. Yanzu taɓo ne a wurin da ɓaraguzan rufi. Jafaru ya yi gyaran murya daga waje.

Rabonta da ƙofar gida tun ranar da aka fita da gawa. Hasken ya kashe mata ido. Maƙwabta sun taru, maza a gindin bango, mata a bakin zauruka. Ɗantsoho yana zaune a kan bulo yana cin gyaɗa. Alhaji ya matso kusa da motar, ya tsaya a gefe, fuskarsa a wani wajen.

“To Ikilima, zama ne na shekaru, dole wani ya saɓa wa wani. Ni dai abin da ya faru na soro, da maganar da ya jawo wa gidana, na yafe duniya da lahira. Ke ma in akwai abin da muka yi miki, ki yafe mana.”

Mutane suka tsaya suna jira. Kalma biyu ce, kowa ya san ta, ana faɗinta ko ba a so. Ikilima ta dubi yatsun ƙafarta. Tari ya taso mata, ta danne shi. 

“Ki amsa mana,” in ji Jafaru ƙasa-ƙasa.

“Ku bar ta,” in ji Hajiya Lami daga zaure. “Mai takaba ce, ya za ta yi magana a gaban maza?”

“Haka ne,” in ji Alhaji. “Kunya ce. Mun gode, Allah ya yafe mu baki ɗaya.”

Jama'a suka ce amin. Ya karɓi yafiyar kamar yadda ya karɓi ɗakin, ba tare da an miƙa masa ba. Wani ya ce ai samun mai gida irin wannan sai an tona, ga haƙuri, ga kuɗin mota.

Suka kama hanyar Baure, ita da Jafaru a baya tare da kaya. Suka wuce Zango. Gonaki sun yi kore shar hagu da dama, hadari yana haɗowa ta gabas. Can gaba akwai ɗakin matar Jafaru da za a raba mata kusurwa, ɗakin da Sha'aban bai taɓa kwana a ciki ba, a nan za ta ƙarasa abin da ya rage.

“Gara da aka rabu lafiya,” in ji Jafaru. “Mutum ne babba, ba a san inda za a sake haɗuwa ba. Tunda an yafi juna, shi ke nan.”

Ta ɗago kai. Ta yi maganar a fili, yadda ƙarar mota ba za ta rufe ta ba.

“Ban yafe ba, Yaya. Ka zama shaida.”

Jafaru ya juya ya dubi gonaki. Ya daɗe yana kallo.

“Gero ya yi kyau ta nan wajen bana,” in ji shi.